A Sa Makunnin Inda Kowa Zai Gani

Jega,
10 ga Janairu, 1994

Zuwa ga ƙanena Lauwali, a Kaduna.

Assalamu alaikum.

Jiya da hantsi ana sadakar arba'in, ina bayan zana ina kwashe shinkafa, na ji Isa Rewaya, mai gyaran wayoyin mota, yana ba mazan da ke zaune ƙofar gida labarin yadda ɗana ya mutu. Bai san ina wurin ba. Kwana arba'in ana ce mani nan take Allah Ya karɓi abinSa, bai sha wuya ba. Ashe ba haka aka yi ba.

Ka dai ji cewa wasan mota ya tafi yi a Katanga, bikin wani abokinsu. Ka san abin da samarinmu suka tsiro da shi: su ɗauko motocin iyayen gidansu su shiga gonar da aka girbe, su yi ta juyi da burki jama'a na kallo. Motar ta faɗi ta gefe guda, ƙarfe ya danne masa ƙafa. Isa ya ce da ransa, da hankalinsa. Ya kashe makulli, amma babbar wayar batir ta matse a jikin ƙarfe, tana ta hayaƙi, mai kuma yana ɗiga. Shi da bakinsa yake ce masu, "Ku cire kan batir." Mutum ya fi ɗari a filin, babu mai sufana lamba goma. Wani ya ruga cikin gari nema. Isa ya ɗauki dutse yana dukan kan batir. Ya ce tsakanin faɗuwar da tashin wuta, mutum zai yi alwala ya yi raka'a biyu a natse.

Na gama kwashe shinkafar na raba, don ba a barin baƙi da yunwa. Sannan na shiga ɗaki.

Ka san ɗan fari ne. Shekara ashirin da shida ban kira sunansa ba, sai dai in ce "babban" ko "wancan". Yau zan rubuta shi da hannuna. Imrana.

Ga abin da ya sa na nemi adireshinka wurin mutanen Gehuru. Shekara uku da suka wuce, ranar da muka haɗu bikin ɗiyar Baffa Sambo, ina raba goro na ji kana ba maza labarin aikinka, cewa garejinku na shirya motocin tsere. Ka ce kowace tana da wani jan makunni a waje, wanda ko ɗan kallo ya murɗa shi, wutar motar duka ta mutu. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba. Tun jiya ita kaɗai ce a kaina.

Anas, ƙanensa, shi ya rage mani. Yana tuƙa wa Alhaji Tamu, dillalin albasa na Aliero. Bayan ƙaramar Salla ƙanen Alhajin zai yi aure a Giwa Tazo, kuma Anas ya ce shi zai shiga fili da ƙaramar motar gidan. Ka aiko mani da wanga makunni, ka rubuta yadda ake ɗaura shi da Hausar da zan gane. Aji huɗu na tsaya, kar ka yi mani Turanci.

Na bar gaisuwa a ƙarshe, ka yafe. Ina Fadila da yara? Mu nan jiki lafiya, sai ƙafata da ke motsawa da sanyi. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, da wannan nake roƙonka.

Yayarka,
Murjanatu

Kaduna,
29 ga Janairu, 1994

Zuwa ga Yaya Murja.

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ƙaramar da ta yi ƙyanda, ta kuwa warke. Fadila na yi maki ta'aziyya. Allah Ya jiƙan Imrana, Ya sa wuyar da ya sha ta zama kaffara, Ya ba ki haƙurin rashi. Na ji kunya da sai a takardarki na san kalar abin da ya faru.

Tun muna yara ke ce mai fara zance daga tsakiya, ga shi har a takarda. Ban yi fushi ba.

Amma Yaya, na karanta takardarki sau uku, kuma abin da na gani bai yi mani daɗi ba. Kin binne ɗa guda saboda wasan mota, yanzu kina neman in taimaka a shirya wa na biyu mota ya shiga fili. Da hannuna? Motocin da muke shiryawa ba makunni kaɗai gare su ba. Akwai ƙarafa da aka kewaye direba da su, akwai ɗamara, akwai hular kwano, akwai mutane tsaye da abin kashe wuta. Abin da yaranku ke yi a gona ba tsere ba ne, ganganci ne. In na aiko da makunni, Anas zai ɗauka laya aka ba shi, ya ƙara taka mai. Mutane kuma za su ce uwarsa ce ta ɗaure masa gindi.

Ke uwa ce. Ki kira shi ɗaki ki ce in ya shiga filin nan ba ki yafe masa nonon da ya sha ba. Babu ɗan Musulmin da zai tsallake wannan. Shi ne makunnin da ya fi wanda kike nema.

Sannan ki rage tunanin maganar Isa. Ko da sufana goma a aljihunsa, in kwana ya ƙare ya ƙare. Baƙin ciki ne ke sa ki neman abin da za ki riƙe. Ki riƙe addu'a.

Ki gaida Anas, ki ce ina nan zuwa in ja masa kunne.

Ƙanenki,
Lauwali

Jega,
8 ga Fabrairu, 1994

Lauwali,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida. Madalla da ƙaramar ta tashi, a riƙa ba ta ruwa da yawa. Ka ga yau na fara da gaisuwa, sai ka saurare ni.

Sau uku ka karanta, ba ka gane ba. To karanta wagga sau huɗu.

Maganar da ka ce in gaya wa Anas, na riga na gaya wa yayansa. Ranar da zai tafi Katanga yana ɗaura agogo a tsakar gida, na ce masa, "In ka shiga filin nan ban yafe ba." Ya yi dariya ya ce, "Inna, albasa zan kai Maiyama." Ya fita. Da wagga magana tawa a kansa ya kwanta cikin motar nan yana kiran a cire kan batir. Na yafe masa sau dubu tun daga ranar, amma bai ji ko ɗaya ba. Yanzu kana so in ɗauki maganar nan in aza wa ƙanensa? Ba zan yi ba. Ko dukan malaman Jega suka taru a kaina, ba zan yi ba.

Kar ka ɗauka ban hana shi ba. Na yi magana, na yi kuka, na aika kawunsa. Ya zauna ya saurara, kansa ƙasa, da aka gama ya ce, "Inna, ana cewa gidanmu tsoro ya shige mu." Shekararsa ashirin da biyu. Na san idon nan, na taɓa ganinsa. In na matsa, ƙarya zai yi mani ya tafi. Gara ya tafi ina sane, da abin da na iya yi masa.

Kai ba ka ce ina faɗa da ƙaddara ba, amma kusa da haka ka faɗa. Laraba maƙwabciyata ta faɗa mani baki da baki. Na ce mata, mijinki in ya kwashe albasa, ƙasa yake zubar da ita ya ce wadda Allah Ya nufa ta ruɓe za ta ruɓe? Ai rudu yake ɗaurawa, ya ɗaga ta sama, ya rufe da ciyawa, iska na shiga. Wa ya taɓa ce masa marar tawakkali? Albasa an yarda a yi mata dabara, ɗan mutum ne ba a yarda ba? Ta tattara ƙwaryarta ta fita. Kwana huɗu ba ta leƙo ba.

Na yarda kwanan Imrana ya ƙare. Amma mutum ɗari sun tsaya kansa, kowa na so ya cece shi, babu wanda ke da abin yi da hannunsa. Wannan nake so kar a sake. Ban ce makunni zai hana mota faɗuwa ba. Ban yi karatu ba, amma ban haukace ba.

In ba za ka aiko ba, ka faɗa mani sunansa da inda ake sayarwa. Zan shiga motar albasa in tafi har Ikko in nemo. Ka san ni.

Na ba Gudiya direba wagga takarda ya kawo maka hannu da hannu, da buhun albasa ɗaya na Fadila. Albasar ba toshi ba ce. Ko ka ƙi, ku ci.

Murjanatu

Kaduna,
21 ga Maris, 1994

Yaya Murja,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa, barka da Salla. Muna lafiya, da fatan ku ma haka.

Na san kin ɗauka shiru na yi maki da gangan. Wallahi takardarki sai shekaranjiya ta iso. Motar Gudiya ta lalace a hanya, sannan wahalar mai ta tsare shi, ya mayar da kayan wata mota, takardar kuma ya manta da ita cikin aljihun rigar da ya bari a gida. Albasar ma rabi ta tsira. Da na ga kwanan watan da ke kanta, na tsorata, don ban sani ba ko an riga an yi bikin. Gudiya ya ce an ɗaga zuwa tsakiyar Afrilu, sai an gama kwasar albasa.

Ban san abin da ya shiga tsakaninki da Imrana ba. Na yi magana da ka, ki yafe mani. Har yanzu ban yarda da wasan nan ba. Amma ga makunni cikin kwali, na naɗe shi da tsumma.

Ki kai wa Isa, ki karanta masa wannan da kanki.

Za ki ga ƙusoshi biyu manya a bayansa. A yanke babbar wayar batir kusa da batir ɗin, a ɗaura baki ɗaya a kowace ƙusa. In za a ƙara waya, ta zama mai kauri irin ta sitata mai tada inji, ba siririya ba. Inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba.

Za ki ga ƙananan ƙafafu kuma. Waɗannan na wayar koyil ne, mai ba inji wuta. Kar ya raina su. In ya ɗaura manyan kaɗai, mota na tafiya aka murɗa, ba za ta mutu ba, don altaneta na ci gaba da ba ta wuta ko babu batir. Na zana yadda za su shiga a bayan takardar nan.

Wurin zamansa a waje ne, ƙasan gilashin gaba, gefen direba. Sai an huda jikin mota. A kewaye shi da farin fenti don ido ya faɗa kansa daga nesa. Jan hannun yana fita kamar makulli, in an ajiye mota sai a zare a sa aljihu.

Batir kuma a ɗaure shi da ƙarfe da noti, ba da igiyar roba ba yadda na san ana yi a gida. A rufe kansa.

In ya gama, kar ki yarda da "an gama". A tada mota, a taka mai, a kunna fitila, a danna hon, sannan ke da hannunki ki murɗa. Komai ya mutu lokaci guda. In wani abu ya rage da rai, aikin bai yi ba.

Ki ce da Anas ya ɗaura bel, wato ɗamarar kujera, ko da abokansa za su yi masa dariya. Na so in zo in yi da kaina, amma ba a ba ni hutu ba.

Ƙanenki,
Lauwali

Jega,
4 ga Afrilu, 1994

Ƙanena Lauwali,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da Fadila da yara. Ina lafiya. Kwali ya iso, Allah Ya saka da alheri. Na zage ka a zuciya cikin azumi, na janye.

Na kai wa Isa ranar Litinin. Na buɗe takarda zan karanta, ya juya abin a hannunsa ya ce, "Inna, ki bar wahalar da idonki. Wanga ai sikiyoriti ne, na ɗaura ya fi ashirin." Anas na tsaye yana jin kunyar uwarsa cikin gareji, sai na yi masa kara na koma gida. Kuskurena ke nan.

Ranar Laraba da yamma Anas ya ce an gama. Na yafa mayafi na ce mu je. Na tarar da Isa da makanikai uku zaune kan benci suna cin rake. Na zagaya motar sau biyu, babu ja, babu fari. Na ce, "Ina abin?"

Isa ya yi murmushi, ya dubi abokansa. "Ki nemo shi, Inna. In kin gano shi, ni ba rewaya ba ne."

Ka san a nan duk wanda ya sa makunni a mota don ɓarayi yake sawa. Gwanintar mai ɗaurawa ita ce ya ɓoye shi inda ko shaiɗan ba zai gano ba. Isa ya cusa naka ƙarƙashin kujerar direba, can ciki, ya rufe da ledar ƙasa. Sai da ya durƙusa ya tura hannu har kafaɗa kafin ya taɓa shi. Yana tasowa ya ce, "Ko ɓarawon Zuru ya zo, sai dai ya ture ta."

Na ce, "Isa, ranar nan a Katanga, ɓarayi ne suka tsaya kansa?"

Babu wanda ya sake tauna rake.

Na ce, "Kai ne ka riƙe dutse. Na ji da kunnena ranar arba'in, ina bayan zana. Da wanga abu na ƙarƙashin kujerar da ta danne shi, da ka kai gare shi?"

Ban faɗa don in ci masa fuska ba. Tare suka tashi da Imrana, a kwanona ya ci tuwo. Ya zauna a ƙasa, nan cikin baƙin mai, ya rufe fuska da hula. Na bar shi har ya gama. Sannan na ce a tada mota. Anas ya tayar, ya taka mai. Isa ya tura hannu ya murɗa. Lauwali, motar ko tari ba ta yi ba, ta ci gaba da kukanta yadda ka faɗa. Bai ɗaura ƙananan ƙafafun ba, ya ce ya ɗauka ado ne.

Na jawo wata tsohuwar taya na zauna, na karanta masu takardarka daga sallama har sa hannu. Ina tuntuɓe, ba wanda ya yi dariya.

Sai Anas ya ce ba za a huda motar Alhaji ba sai an tambaye shi, kuma ya san ba zai yarda ba. Na ce to a kai ni Aliero. Isa ya tashi ya ɗauko abin huda ƙarfe, ya auna da yatsa uku ƙasan gilashi, ya huda. Ya ce, "Rami dai an yi shi. Alhaji ya zo ya same ni."

Kafin la'asar ya gama. Ya cire igiyar robar da ke riƙe da batir, ya sa ƙarfe. Aka tada mota, fitila a kunne, Anas na danne da hon. Na kama jan hannun na murɗa. Shiru. Ban san shiru na da daɗi haka ba. Na sa aka sake har sau uku.

Washegari Alhaji Tamu ya zo har ƙofar gidana. Ya yi ta'aziyya tukuna, mutumin kirki ne. Sannan ya ce, "Hajiya, an ɓata mani mota. Yanzu duk ɗan iskan da ya ga dama sai ya kashe mani ita a kasuwa." Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na ce in an ajiye ta a zare hannun, ɓarawo ma ya huta. Ya ce in tana tsaye da inji a kunne fa? Na ce, "Alhaji, motarka in an kashe ta tana tashi." Ya daɗe yana kallon takalminsa. Ya ce a bar shi har a gama biki, sannan ya ga abin da ya gani.

Biki ranar goma sha shida ga wata. Zan je.

Murjanatu

Kaduna,
11 ga Afrilu, 1994

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah Ya sa kina haka. A gaggauce nake rubutu, mai kawowa na jira.

Na karanta wa abokan aikina labarin Isa da ƙarƙashin kujera. Sun fara dariya, da na kai tsakiya suka daina. Ki ce masa na gaishe shi, kuma aikinsa ya yi.

Abu ɗaya ya dame ni. Kin ce za ki je. Kar ki je, Yaya. Zuciyarki ba za ta ɗauki kallon nan ba, kuma in wani abu ya faru, Allah Ya kiyaye, ba ke za ki ruga cikin fili da wannan ƙafa ba. Makunni ba ya aiki sai wanda ke kusa ya san da shi. Ki sa Isa ya nuna wa mutum biyar ko shida masu ƙarfi, su tsaya gefe-gefe. Ke ki zauna gida ki ja carbi.

Na san ba za ki ji ba. Ki dai rubuto mani a ranar.

Lauwali

Jega,
19 ga Afrilu, 1994

Ƙanena Lauwali,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Kowa lafiya, na fara da wannan don kar ka tsallake layi. Anas na nan da ƙafafunsa biyu.

Takardarka ta same ni jiya, bayan an gama komai. Da ta zo da wuri ma ba ta hana ni ba.

Na bi motar 'yan kai amarya zuwa Giwa Tazo. Da la'asar aka fita fili bayan gari. Motoci biyar. Mata na can nesa ƙarƙashin itace, ni na ratsa na tsaya gaba cikin maza, kusa da Isa. Wani dattijo ya ce, "Baiwar Allah, nan ba wurin mata ba ne." Na ce ina da kaya a filin. Ya matsa mani.

Na yi ta tunanin abin da kai ma ka rubuto: wa ya san da makunnin? Isa ya nuna wa mutum uku. Sauran jama'a kallon farin fentin suke yi suna tambayar ko tambarin Alhaji ne.

Motocin suka jera, kowa na taka mai yana cika fili da ƙara. Akwai wani direba daga Maiyama, Sabo, abokin hamayyar Anas tun suna koyon tuƙi. Ya ji labarin a tasha. Sai ya fito daga motarsa, ya tako a hankali yana gyara hula, ya ɗaga hannu jama'a su gani, ya ce, "Ku zo ku ga motar da Inna ta ɗaura wa linzami." Ya kama jan hannun ya murɗa. Motar Anas ta mutu mus, a tsakiyar taka mai.

Filin ya ɗauki dariya. Samari na faɗuwa ƙasa. Anas ya fito ya mayar, ya shiga ya tayar, wani ya sake rugowa ya murɗa. Sau uku aka yi haka. Masu kiɗa ma suka sa shi a waƙa nan take, wai ɗan Inna ba ya tashi sai Inna ta yarda. Na ga wuyan Anas ya kumbura. Isa ya naɗe hannun riga zai shiga, na riƙe shi.

Na ce, "Bar su."

Ya ce, "Inna, wulaƙanci ne fa."

Na ce, "Dubi idonsu. Ina suke kallo?"

Lauwali, babu babba babu ƙarami, duk Giwa Tazo ta ga inda abin yake, ta ga ta wane gefe ake murɗa shi, ta ga abin da yake yi. Da na yi wata guda ina bi gida-gida, ban koyar da rabin haka ba. Ban taɓa jin daɗin a yi wa ɗana dariya ba sai ranar.

Aka yi wasan. Ba zan ce maka na kalla duka ba. Sau ɗaya tayoyinsa biyu suka bar ƙasa, na ga mutum sun fi goma sun yunƙura gaba, kowa idonsa kan farin fentin nan. Motar ta koma ta zauna. Bel kam bai ɗaura ba, na gani.

Kwana uku ke nan bai yi mani magana ba sai gaisuwa. Yana shigowa ya ci tuwonsa ya fita. Ya yi ta fushi, ina jin motsin cokalinsa daga ɗaki. Alhaji Tamu ya aiko cewa a cire abin a toshe ramin, an mayar da motarsa abin wasa. Isa ya ce da ɗan aiken sufanarsa ta ɓace. Gobe zan shiga mota in tafi Aliero in same shi a rumfar albasarsa, kuma ba zan tashi ba sai ya janye.

Jiya da safe wata mata ta yi sallama, ban san ta ba. Ta zauna bakin tabarma, ta daɗe tana gaisuwa. Ashe uwar Sabo ce, daga Maiyama ta taso. Na ɗauka haƙuri ta zo bayarwa. Ta ba da, sannan ta rage murya ta ce, "Ina ake samun abin?"

Don haka ka nemo mani huɗu, ka ba Gudiya, ka ce masa in ya sake mantawa da ni zai gamu. Anas bai bar wasan ba, akwai wani biki kafin damina. Motoci biyar ne a filin nan, ɗaya kaɗai aka ɗaura wa.

Yayarka,
Murjanatu